Ra'ayinmu: Wa Zai Rubuta Allon Gidan Gurza?

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga motar haya daga bakin ƙofar jami'a a Samaru ya nufi kasuwar Sabon Gari, ya haddace sunayen da yaron mota ke kira tun kafin ya san hanyar: Palladan, Kwangila, PZ. Kullum muna faɗin sunayen nan, muna biyan kuɗin mota da su, muna yin alkawarin haɗuwa a cikinsu, amma da wuya ka ji wani ya tsaya ya tambaya mene ne PZ. To, harufan farko ne na sunan Paterson Zochonis, wani kamfanin ciniki mai hedkwata a Mancesta ta ƙasar Ingila, wanda ya kafa kanti a nan zamanin Turawa. Ba nisa da wurin kuma akwai titin da har yau ake kira Titin Mancesta. Watau ke nan birnin da ya fi kowane birni a duniya ƙishirwar auduga a wancan zamani ya bar sunansa a bakinmu, mu kuwa muna ta maimaita shi ba tare da mun san abin da ya kawo shi Zazzau ba.

Abin da ya kawo shi yana nan kusa da layin dogo, shi ne injin gurzar auduga da Turawa suka kafa wajen shekarar 1911, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso. Ra'ayin wannan mujalla shi ne lalle a kafa allon tarihi a bakin hanya a wurin, da sauran wuraren da suka danganci labarin auduga tsakanin Samaru da Sabon Gari. Amma fa kafa allo ba shi ne mai wuya ba, ko maƙerin Muciya zai iya ƙera shi a yini biyu. Abin da ya dame mu shi ne maganar da za a rubuta a kai, da kuma wanda zai rubuta ta.

Kafin mu zo ga wannan, ya kamata mu koma baya kaɗan, domin wanda bai san abin da injin ya taras ba, ba zai gane abin da injin ya yi ba. Ba Bature ne ya koya wa Bahaushe noman auduga ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya yi mamakin yawan tufafin da ake fitarwa daga birnin, har ya ƙiyasta cinikinsu ya kai wuri miliyan 300 a shekara, ya kuma ce ana kai su har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Mai yawa daga cikin audugar da ake saƙa tufafin nan kuwa daga ƙasar Zazzau take fitowa, daga gonakin Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi da makamantansu. Ka dubi hannuwan da ƙullin auduga ɗaya ke bi kafin ya zama riga. Manomi ya shuka ya tsinka. Mace ta ɗora a kan magurji ta murza da ɗan ƙarfe har angurya ta fita. Ta shiɓe ta da baka ta yi sutu. Ta ɗauki mazari, ta shafa alli a yatsa, ta kaɗa zare ko abawa, sau da yawa da dare a gaban fitilar aci-balbal bayan ta gama aikin gida. Daga nan sai masaƙi, sai marini a karofi, sai mabugi, sai maɗinki, sai mai aikin wuya da allura irin waɗanda birnin Zariya ya yi suna da su, kana dillali da fatake da masu jakuna. Kowane ɗaya daga cikinsu ya ci abinci a jikin ƙullin nan. Kuɗin kaɗi kuwa na matar ne, ba na miji ba. Da shi take yi wa 'yarta kayan ɗaki, da shi take biki, da shi take rufa wa kanta asiri in damina ta yi gardama. Masana'anta ce sosai, sai dai ba ta da bututun hayaƙi, ta watsu ne a zauruka da tsakar gidaje dubu-dubu.

A can Ingila kuwa wata damuwa ce ke cin masu masaƙun Lankasha. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya taɓa yanke musu auduga har masaƙu suka rufe, ma'aikata suka shiga yunwa, kuma ba su manta da wannan ba. Saboda haka a 1902, shekarar da sojan Turawa suka shiga Zariya, aka kafa wata ƙungiya a Mancesta don neman auduga a ƙasashen da Ingila ta mallaka, ita ce wadda aka sani da BCGA. Idonta ya faɗa kan ƙasar Hausa. Da aka zo neman kuɗin shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano a 1907, Winston Churchill, wanda a sa'an nan ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka, audugar Arewa ya kafa hujja da ita a majalisarsu. Dogon ya isa Kano a 1911. Su wa suka shimfiɗa shi? Talakawa ne da aka rubuta wa hakimai da dagatai adadinsu, aka kwaso su daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba, suka fasa dutse suka ɗauki ƙasa a ka. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda a zamaninsa aka yi aikin, ya bar mana Waƙar Diga a kan lamarin, kafin daga baya Turawa su tuɓe shi su kai shi Lakwaja. Ban da irin wannan, sunayen mutanen da suka riƙe digar ba su a jikin kowane gini.

Aikin injin gurza ba wani abin ɓoye ba ne. Yana raba auduga da angurya, abin da mace za ta kwana tana yi a kan magurji shi ya yi cikin ƙiftawar ido, sa'an nan a matse audugar a ɗaure ta dila-dila, a loda a jirgi zuwa Ikko, daga can sai teku. Ba ya kaɗi, ba ya saƙa. An ajiye shi ne daidai wurin da zai tsinke igiyar nan da muka lissafa tun daga ƙullinta na biyu, yadda sauran aikin duka, da ladansa, zai koma Lankasha, mu kuma a dawo mana da akoko da alawayyo mu saya a kantunan PZ. Wannan ba zargi ba ne, su da kansu ba su ɓoye manufar ba.

Abin da ya kamata kowane ɗan makaranta a Zazzau ya sani, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne da farko abin bai yi musu yadda suka so ba. Masaƙan gida da dillalan Kano sun fi BCGA biyan kuɗi mai tsoka, don haka manomi ya riƙa wuce injin ya kai audugarsa inda ya saba. A ƙasar Kano kuma, tun daga 1912, manoma suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cinta, sai suka cika taragun da aka yi domin auduga da buhunan gyaɗa. Talakan da aka ɗauka bai san lissafi ba, ashe ya fi masu lissafin Mancesta sanin inda ribarsa take. Mu a ganinmu wannan kaɗai ya isa a rubuta a allo.

Da ciniki ya ƙi, sai aka koma ga mulki. An wajabta biyan haraji da kuɗin Bature, aka kashe wuri, ya zama dole manomi ya noma abin da kamfani zai saya in yana son kada dogari ya tsaya masa a ƙofa. An kawo irin auduga na Amurka mai dogon gashi da ake kira Allen, aka gwada shi a gonar gwaji ta Maigana tun kafin yaƙin duniya na farko, aka riƙa raba shi kyauta ta hannun hakimai, har aka kai ga hana shuka irin gida a wasu gundumomi. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan Samaru, inda muke zaune yau. Bayan 'yan shekaru aka buɗe gonar iri a Daudawa. Aka yi fulotai, aka sa malaman auduga masu duba ta su ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. Duk wanda ya tashi a ƙauyen noman auduga ya ji labarin sikelin fuloti a bakin kakansa, kuma ba kasafai labarin ke da daɗi ba. Injinan gurza suka bazu, Funtuwa, Gusau, Malumfashi, har Gombe, dogo kuma ya bi su ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Sannu a hankali mazari ya koma ƙarƙashin gado. Bai mutu a rana ɗaya ba, don har bayan samun 'yancin kai akwai tsofaffi masu kaɗi, amma ya daina ciyar da gari.

Ba za mu yi wa gaskiya rowa ba. Binciken da aka yi a Samaru ya fitar da iri masu kyau, kuma cibiyar, wadda ta zama ɓangaren wannan jami'a a 1962, ta yi wa manoman Arewa aikin da ba wanda zai musa. Injin gurza ya ba mutane aikin albashi, Sabon Gari ta cika da ma'aikatan dogo da akawuna da 'yan kasuwa daga kowane sashe na ƙasar nan. Hukumar ciniki da aka kafa wa auduga a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954, ta riƙa sayen amfanin manomi ƙasa da farashin duniya tana tara rara, da irin wannan rarar aka zuba jari a masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957. Gwamnatin da ta gina azuzuwan da muke karatu a ciki da kuɗin gyaɗa da auduga ta dogara. In an bi diddigi, kowane ɗayanmu yana da bashin manomin Kudan a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba. Sa'an nan sai aka rushe hukumomin ciniki a 1986, masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar 'yar'uwarta UNTL ta dakatar da aiki a 2007, atamfar waje ta cika kasuwa. Yanzu mun rasa mazarin, mun kuma rasa masaƙar da aka ce ita za ta maye gurbinsa.

Mun san akwai 'yan'uwa ɗalibai da za su ce me ya haɗa mu da kufan 'yan mulkin mallaka, a bar shi gara ta cinye. Muna girmama zafin zuciyarsu, amma ba mu yarda da su ba. Wanda aka yi wa fashi ba ya share sawun ɓarawo kafin alkali ya gani. Ginin nan da filin nan shaida ne, kuma da gumin kakanninmu aka yi su. In suka ɓace, abin da zai rage shi ne rahotannin Razdan da na Di'o, waɗanda suka rubuta labarin yadda ya yi musu daɗi. Akwai kuma masu cewa mutane na fama da tsadar abinci, wa ke ta allo? Wannan ta fi ta farko nauyi. Amsarmu ita ce kuɗin allo bai kai na liyafar rana ɗaya da ƙungiyoyinmu ke yi a ƙarshen zango ba, kuma matasan ma'aikata da ke karanta wannan mujalla, waɗanda gobe za a ajiye musu fayil a tebur a ce su ba da shawara kan kamfanin waje da ke son sayen ɗanyen amfanin gona ya fita da shi, gara a ce sun taɓa tsayawa a gaban allon nan sun karanta.

A wasu ƙasashe an daɗe da wannan al'ada. A Ingila masaƙar da Richard Arkwright ya gina a Cromford a 1771 tana nan ana kai yara su gani, har Hukumar UNESCO ta sa kwarin da take ciki a jerin kayan tarihin duniya a 2001. A Amurka jihar Bajiniya ta fara jera allunan ƙarfe a bakin hanyoyinta tun 1927, mai mota ya tsaya ya karanta cewa a nan aka yi injin niƙa kaza, a can aka yi yaƙi kaza. Sai dai su ma sun gano daga baya cewa allo yana iya yin ƙarya ba tare da ya faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba. A rubuta sunan mai gona da shekarar da ya gina injinsa, duk gaskiya ne, amma a yi shiru game da bayin da suka haƙa masa magudanar ruwan. Shekaru da yawa bayan haka suka koma suna ƙara sababbin alluna don cike abin da aka tsallake. Mu da ba mu riga mun kafa namu ba, ba mu da uzurin faɗawa ramin da muka ga wani ya faɗa.

Ai ma ba sai mun je Amurka ba. Ka duba 'yan allunan tagulla da na marmara da ke manne a jikin gine-ginen gwamnati a garuruwanmu. Kusan duk magana ɗaya suke yi: Mai Girma wane ne ya aza harsashi ran kaza, Mai Girma wane ne ya buɗe ran kaza. Da na Gwamna Bature ne, yanzu na gwamnan soja ko na farar hula, salon bai sāke ba. In aka bar allon gidan gurza a hannun masu wannan salo, mun san abin da za mu gani. Za a rubuta da Turanci cewa a nan aka kafa masana'antar zamani ta farko, wadda ta kawo ci gaba ga jama'ar lardi, a sa sunan wanda ya yanke ƙyalle a ƙasa da manyan baƙaƙe. In haka za a yi, to mun fi son a bar wurin yadda yake.

Ga irin abin da muke so a gani, ba don mun ce lalle sai da waɗannan kalmomi ba:

"A nan ƙungiyar BCGA ta Mancesta ta kafa injin gurzar auduga lokacin da dogo ya iso Zariya. Kafin zuwansa matan ƙasar Zazzau ne ke gurza auduga da kaɗa ta, masaƙa da marina na gida suna yin tufafin da ake kaiwa har hayin hamada. Talakawan da aka tilasta ne suka shimfiɗa dogon. Shekaru da dama manoma sun fi son sayar wa masaƙan gida, sai da haraji da doka suka juyo da su nan."

Layi huɗu ne ko biyar, ba zagi a ciki, ba yabo. A rubuta shi da Hausar boko da ajami, sa'an nan Turanci ya biyo baya, domin Sabon Gari gari ne na kowa, kuma jikokin ma'aikatan dogo daga Kudu su ma labarinsu ne. Muna nanata maganar ajami, saboda tsohon da ya fi kowa haƙƙi a kan allon nan mai yiwuwa da shi kaɗai yake karatu. Kuma kada a tsaya a allo ɗaya. Tashar jirgi tana bukatar nata, wanda zai ambaci masu diga da kuma ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya ya hau dutsen Jos domin kuza, aka rufe shi a 1957, yau yara da yawa ba su ma san an yi shi ba. PZ tana bukatar nata. Ƙofar cibiyar binciken aikin gona a Samaru tana bukatar nata, mai faɗin dalilin kafa ta da kuma abin da ta zama daga baya. In hali ya yi, a kai ɗaya bakin wani tsohon karofi a cikin birni, don mai bin allunan ya fara daga inda labarin ya fara.

Wa zai yi? Bisa doka, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da ikon ayyana wuri a matsayin abin tarihi, kuma ganuwar Zariya tana cikin jerinta. Amma hankalin irin waɗannan hukumomi ya fi karkata ga fada da ganuwa da masallaci, kamar dai tarihi ya ƙare ranar da Bature ya shigo, ko kuwa wurin da talaka ya yi aiki bai cancanci a tuna da shi ba. Ƙaramar hukumar Sabon Gari tana da ikon bakin hanya, masu filin kuma dole a nemi izininsu cikin ladabi. Sai dai maganar da za a rubuta, wannan aikin jami'a ne, kuma abin kunya ne a ce jami'ar da Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur suka koyar da tarihi a cikinta ta kasa fitar da layi biyar na gaskiya game da wurin da ke 'yar tafiya kaɗan daga ƙofarta. Kundaye nawa aka rubuta a Sashen Tarihi a kan tattalin arzikin mulkin mallaka, suna jere a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ƙura na hawa kansu? Mai tura baro a bakin tasha ba zai taɓa shiga can ba, amma zai wuce ta gaban allo sau goma a yini.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta ɗauki wannan a matsayin aikinta na bana, kada ta miƙa shi ga wani kwamiti da zai zauna sau ɗaya ya sha lemo ya watse. 'Yan Sashen Tarihi su tafi gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna su binciko fayilolin Lardin Zazzau, su tabbatar da kowace shekara kafin a sassaƙa ta a ƙarfe, don kuskuren da aka rubuta a allo ya fi na littafi wuyar gyara. 'Yan Sashen Harsunan Nijeriya su tace Hausar. 'Yan zane da 'yan tsara gine-gine su fitar da fasalin da zai jure rana da damina, kuma wanda ba zai ba 'yan jari-bola sha'awa ba. Siminti ya fi tagulla kwana a bakin hanya, kowa ya san dalili.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran izinin kowa, kuma shi ne ya fi gaggawa. Waɗanda suka yi aiki a gidajen gurza kafin 1986, da waɗanda suka yi layi a fuloti da dam ɗin auduga a ka, da matan da suka ga ƙarshen zamanin kaɗi, kullum raguwa suke yi. Hutu ya kusa. Duk wanda zai koma Giwa ko Soba ko Ikara ko Funtuwa, akwai na'urar ɗaukar magana a aljihunsa. Ya zauna da tsohuwar gidansu ya tambaye ta nawa ake sayen zare a zamaninta, wa ke zuwa saye, yaushe ya daina zuwa, ina kuma mazarinta yake yanzu. Ya rubuta sunan garin da ranar da aka yi hirar, ya kawo mana ofishin mujalla in an dawo, za mu ware shafi biyu a fitowa ta gaba mu buga abin da aka samo.